Shokazoba Biyu na Motar Marigayi

Daga Baffa mai gyaran sikeli zuwa ga Auta
3 ga Fabrairu

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, karatun haɗa magunguna kuma yana shiga kai. Ni dai alhamdu lillahi, sai gwiwar hagu da ke tuna mini shekaruna kowace safiya. Kunne kuwa kin san shi, ya riga ni yin ritaya, shi ya sa har yau takarda ce wayata. Ki yi haƙuri da rubutun, hannu ya fara rawa.

Maganar motar mahaifinki ce, Allah ya jiƙansa, motar kwanan nan tasa mai gado da kabad a ciki, wadda kika bar mini amana kafin ki tafi. Shokazoba biyun baya sun mutu, wato ƙarafan nan masu shanye girgizar hanya. Na leƙa ƙarƙashi na ga ta dama ta jiƙe sharkaf da mai, ta hagu kuma robarta ta cinye. Na danna bayan motar da ƙarfina na saki, sai da ta yi lilo sau uku kafin ta tsaya, alhali mai lafiya sau ɗaya take yi. Motar nan duk motsin da na yi sai ta yi nishi, har barci take hana ni.

Na kai maganar wurin Bakanike, mai garejin nan na bayan kasuwar ƙarfe. Ya ce iri uku ne. Akwai ta mai, irin wadda motar ta fito da ita, laushi gare ta. Akwai ta gas, ta ɗan fi tauri. Sai kuma babba, ta masu ɗaukar nauyi, mai kauri kamar damtsen ƙato. Ita nake so. A nan an zagaye kasuwa ba a samu ba, don motar ta girmi yawancin masu shagunan, amma an ce a garin da kike akwai layin masu kayan tsofaffin motoci.

Ga awon: a miƙe santimita hamsin da takwas, a matse talatin da shida, ido sama ido ƙasa, wato zoben ɗauri a kowane kai. Biyu za ki saya, ba a canza ɗaya a bar ɗaya. Kada ki yarda da wadda aka wanke aka shafa wa fenti. Ki matsa ta da hannu, in ta shige ba gardama, ki ajiye musu abinsu.

Amsa da kayan duka ki aiko ta garejin Bakanike. Akwatin wasiƙun gida ya lalace.

Naki,
Baffa

*

Daga Auta zuwa ga Baffa
14 ga Fabrairu

Baffa, Allah ya ƙara girma,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya lau, sai jarrabawa da ta sa mu gaba. Gwiwar nan ka riƙa ɗora mata tsumma mai ɗumi, kuma farin maganin nan kada ya wuce biyu a rana, yana cin ciki.

Kafin maganar ƙarfe, akwai layin da na karanta sau biyar. Ka rubuta: "Matar nan duk motsin da na yi sai ta yi nishi, har barci take hana ni." Baffa, wace mata? Shekara shida da rasuwar matarka Inna, in ka yi aure ai abin murna ne, amma a ce sai a tsakiyar maganar shokazoba zan ji? In kuma ba ta da lafiya, ka faɗa mini abin da ke damunta.

Sai motar. Ranar da zan taho, ni da kai muka ɗora ta a kan katako a garejin gidanka, muka cire batir, muka rufe ta da tamfol. Ka ce ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba sai na dawo. Motar da tayarta ba ta taɓa ƙasa, yaya aka yi ta yi lilo sau uku?

Duk da haka na je layin masu kayan mota ranar Asabar. Na sami wani dattijo da kowa ke ce wa Mai Noti, shagonsa ko wurin taka ƙafa babu. Na ba shi awon, na ce babba ake so. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Yarinya, me kuke ɗauka a motar, siminti?" Na ce gado ne da kabad da ɗan risho. Ya ce to in aka sa babba a motar da ba kaya, duk ramin da taya ta faɗa a ƙashin bayan mutum zai sauka, kuma kabad ɗin katako sai sun tsage. Ka san Baba da hannunsa ya yi kabad ɗin nan, wata huɗu yana fama. Mai Noti ya ce ta mai ce ta dace, yana ma da sababbi biyu a kwali.

Ban saya ba tukuna. Don Allah ka duba mitar da ke ƙirga tafiyar motar ka rubuto mini lambar da ke kai. Ni ma na rubuta ta a littafina ranar da muka rufe motar, sai mu gwada mu gani.

'Yarka,
Auta

*

Daga Baffa zuwa ga Auta
24 ga Fabrairu

Auta,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Tsumma mai ɗumi ya yi aiki, na gode.

Mota na rubuta, mo-ta! Bakanike ya karanta takardarki ya yi ta dariya har sufana ta faɗi daga hannunsa, yanzu duk garejin "ango" suke ce mini. Wace mace ce za ta auri kurma mai warin giris? In wasalina ya karkace, laifin hannu ne.

Batun katako da tamfol, ke ba ki san mota ba. Zama yana kashe ta fiye da tafiya: roba ta bushe, burki ya kama, ɓera ya shiga waya. Shi ya sa na sauke ta, nakan ɗan motsa ta lokaci-lokaci don jini ya zagaya. Mahaifinki ma da yana nan haka zai yi. Ni da shi kakanninmu ne wa da ƙane, zumuncin ya yi nisa a lissafi, amma shekara talatin ba wanda ya san motar nan kamar mu biyu.

Mai Notin naki bai ga motar ba, ni nake ganinta. Bayanta ya zauna, na auna daga taya zuwa bodi, ya sauka da yatsa uku. Makon jiya a gangaren da ke bayan doguwar gada wata tirela ta wuce ni, iskarta kawai ta sa motar ta yi ta tangaɗi, sai da na riƙe sitiyari da hannu biyu ina salati. Ta mai ba za ta iya wannan ba, wata uku za ta zubar. Babba nake so, kuma da gaggawa, don abin ya wuce jin daɗi ya koma maganar rai.

Lambar mita kuwa, tabarauna ya karye, ƙananan lambobin nan ba sa karantuwa. In na gyara zan duba.

Ki gaishe da abokan karatu.

Baffa

*

Daga Auta zuwa ga Baffa
6 ga Maris

Baffa,

Ina gaisuwa, ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Na gama jarrabawa, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Na yarda mota ka rubuta, na ba da haƙuri. Sai dai gyaran ya fi kuskuren tayar mini da hankali. Garejin gidanka yana can ƙarshen tsakar gida, kai kuma ko ganga aka buga a ƙofar ɗakinka ba ka ji. Ta yaya nishin mota ke hana ka barci? Kuma doguwar gada tafiyar awa guda ce daga gida. Wannan ne ɗan motsawa?

Na koma wurin Mai Noti na karanta masa takardarka. Ya ce shokazoba ba ta ɗaga mota, sifirin, wato ganyayyakin ƙarfen nan na ƙasa, shi ke riƙe tsayi. In baya ya sauka yatsa uku, to akwai nauyin da ke kansa dare da rana. Ya ce, "Ki tambayi mai motar abin da ya loda." Na ji kunya, don ni ce mai motar.

Ban so in sa Yaya a maganar nan ba. Ka san shi kaɗai ne ɗan'uwana, ka kuma san yadda muka rabu da shi a kan motar nan, shi yana so a sayar, ni na ce ita ce rabona. Amma na kira shi. Ya je gidanka. Ya ce an yi wa ƙofa sabon fenti, wata mata da bai sani ba ta buɗe, ta ce su ba su san wani mai sikeli ba. Garejin kuma kaji ne a ciki. Bayan kwana uku ya sake kirana ya ce an ga motar a wata kasuwar ƙauye, wani mutum mai shuɗiyar hula yana zagaya ta yana buga taya da ƙafa, kai kana tsaye kana buɗe masa inji.

Baffa, ka sayar da ita ne? Sabuwar shokazobar mai sayen ne ya ce sai an sa masa? Ko haya ka ba masu lodi? Ni ba kuɗinta ne damuwata ba. A cikin motar nan Baba ya koya mini karatu, a kan gadon nan ya yi jinyarsa ta farko don ya ce asibiti na hana shi numfashi. Kai na zaɓa a kan ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya.

Ka ba ni amsa miƙaƙƙiya. Mutumin da ya auna yatsa uku ba tabarau zai iya karanta lamba shida.

Auta

*

Daga Auta zuwa ga Baffa
27 ga Maris

Baffa,

Ina gaisuwa. Yau mako uku ke nan ba amsa. Na kira garejin, aka ce Bakanike ya fita, wanda ya ɗauka ya ce rabonsu da ganinka kai da motar an kwana biyu.

Yaya ya ce in muka ƙara jira za a canza mata lamba da fenti, mu neme ta mu rasa. Na aika masa da hoton takardun motar, na ce ya kai rahoto ofishin 'yan sanda cewa an ɗauke ta daga inda na ajiye ba da izinina ba. Ban ambaci sunanka ba. Na yi kuka kafin in aika, amma na aika.

Auta

*

Daga Baffa zuwa ga Auta
4 ga Afrilu

Auta,

Salamu alaikum. Lafiya dai da sauƙi. Takardunki biyu jiya na karɓe su tare a hannun Bakanike, bayan abin da zai faru ya riga ya faru. Na yi zagayen kasuwanni ne na mako huɗu, shi ya sa ba ki ji ni ba.

Lambar mita 219,086. Ranar da muka rufe ta 212,400 ce, ni ma na rubuta. Tabarauna lafiyarsa ƙalau, ƙarya na yi miki.

Wata biyar ke nan ba ni da gida. Mai gidan da nake haya ya rasu, magada suka sayar, aka ba ni mako biyu. Na nemi ɗaki, duk inda na je sai a dubi furfurata a tambayi wanda zai tsaya mini. Ranar ƙarshe na tsaya a tsakar gida da kayana, na dubi tamfol ɗin nan, na ce kwana biyu kawai. Na sauke motar, na loda duwatsun awona na ƙarfe, masu kilo ashirin-ashirin guda goma sha biyu, da matsi na riƙe ƙarfe, da akwatin kayan aiki, da keken ɗinkin Inna da na kasa rabuwa da shi. Ga simintin da Mai Noti yake tambaya. A cikinta nake kwana, shi ya sa nishinta ke tashina, don a haƙarƙari nake jin sa. Da ita kuma nake bin kasuwanni ina gyaran sikeli, abin da nake ci ke nan.

Ranar Talata ina zaune a ƙofar motar a wata kasuwa, rana tsaka, na buɗe sikelin wata mai albasa a kan cinyata. Ashe 'yan sanda biyu suna bayana suna ta magana. Da suka ga ban juyo ba sai suka ɗauka raini ne, ɗaya ya fizgi kafaɗata, sifirin ɗin sikelin ya yi tsalle ya faɗa kwata. Ya nuna mini takarda, ya nuna lambar motar. Na ce, "Ta 'yata ce." Ya rubuta mini a tafin hannunsa: Ita ta kai ƙara. Mutane suka taru. Ba na jin abin da suke cewa, amma kalmar ɓarawo ko kurma yana ganinta a baki. Mutanen da nake daidaita wa awo, waɗanda ba su da abin da suke saye a wurina sai gaskiyata. Mai albasar nan tana tsaye da kwanon sikelinta a hannu, ta kasa ko dubana.

Na kwana ɗaya a wurinsu, Bakanike ya zo ya tsaya mini. Motar tana can an kulle, da maganina da kayan aikina a ciki. Yanzu a benci nake kwana a ofishin garejin.

Mai shuɗiyar hula gaskiya ne. Shi ya same ni, ya ce yana son irinta, ya yi tayin da zai kama mini ɗaki har in mutu. Na buɗe masa inji. Kwana biyu ina juya maganar a raina, a na uku na ce masa ba ta sayarwa ba ce. Ban ɓoye miki wannan ba don ki san har inda na kai. Akwai kuma ƙofar kabad ta ƙasa, wani dutsen awo ya gangaro ya tsaga ta. Na ɗaure da waya.

Me ya hana ni faɗa miki tun farko? Kina ƙarama ina zuwa gidanku da alawa a aljihu, mahaifinki yana cewa ki gaida Baffa. Sai in rubuta wa yarinyar nan cewa a amanarta nake kwana? Kuma na san in Yayanki ya ji, ya sami hujja. Na ci amana, ban musa ba. Amma da kin ƙara mako guda.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki aiko takarda da sa hannunki a buɗe mini in kwashe kayana. Motar kuma ki faɗi inda za a kai ta. Maganar shokazoba ta ƙare, in na sauke duwatsuna ta mai ta ishe ta.

Baffa

*

Daga Auta zuwa ga Baffa
9 ga Afrilu

Baffana,

Ban san yadda zan gaishe ka ba. Ina fata dai ka sami wani maganin kafin a buɗe motar. In ba ka samu ba, ga sunansa a bayan takardar nan, kowane kyamis yana da shi.

Na karanta wasiƙarka a tsaye a ƙofar ɗakin karatu, na kasa shiga. Wata biyar! Ina nan ina yi maka faɗa a kan tsumma mai ɗumi, ashe ko inda za ka ɗumama ruwan sai ka nema. Ka yafe mini, Baffa. Ban taɓa kawo wa raina cewa a gaban mutane za a kama ka ba. Na ɗauka motar kawai za a tsayar. Ban yi tunani ba, gaskiyar ke nan.

Amma ni ma ina da nawa, bari in faɗa. Tambaya na yi maka sau biyu, ka ba ni labarin ɓera da tabarau. Da ka ce, "Auta, ba ni da wurin kwana," wallahi da na ce motar taka ce har in dawo. Ka bar ni ni kaɗai a garin mutane ina haɗa ƙarya da ƙarya ina neman ma'ana.

Ga takardar janye ƙara, na sa hannu an buga hatimi. Na kira Yaya na ce ya same ka a ofishin 'yan sandan ranar Litinin don a gama a zama ɗaya.

Na koma wurin Mai Noti na faɗa masa nauyin: duwatsu, matsi, keke, da mutum ɗaya. Ya ce yanzu aka yi magana. Ya ciro babba guda biyu sababbi, na matsa da hannu kamar yadda ka ce, ko motsi ba su yi ba sai da na hau da gwiwa. Ya ce a gaya wa Bakanike ya ƙara ganye ɗaya a sifirin na kowane gefe, a canza robobin ido, kuma ka matso da duwatsun gaba da tayar baya ka ɗaure su. Na ba da su a wata motar dakon kaya, za su iso garejin cikin mako.

Kada ka sauke komai. Ka zauna a cikinta.

'Yarka,
Auta

*

Daga Baffa zuwa ga Auta
17 ga Afrilu

Auta,

Salamu alaikum. Ina lafiya, na sami magani. Kwalin ya iso, kaya masu kyau ne, Mai Noti bai cuce ki ba. Suna nan a ƙarƙashin teburin Bakanike, ban bari an ɗaura ba.

Ranar Litinin an saki motar. Yayanki ya zo da farar riga, ya tsaya gabana ya yi magana mai tsawo, hannu a ƙirji. Bakanike ya rubuta mini cewa haƙuri yake bayarwa. Na ce shi Yayan naki ya rubuto da hannunsa, in karanta a nutse.

Da muka fito ina duba tayoyi, sai na hango shi ya tsallaka titi ya shiga wata jar mota. Wanda ke tuƙin ya juyo. Auta, mai shuɗiyar hula ne. Hular ma bai canza ba. Ni aikina duban allurar sikeli, idona ba ya ruɗuwa a kan fuskar da na yi kwana biyu ina tunaninta.

To yanzu ni ne mai tambaya. Wa ya turo mutumin nan kasuwa ya same ni? Wa ya gaya miki an gan mu? Kuma sababbin shokazoban nan da ƙarin ganye, don ni aka saya, ko don motar ta miƙe tsaye ta yi kyan gani ranar da zai dawo da kuɗinsa? Kin ce in zauna a cikinta. Har yaushe? Har a gama gyara?

Ba na son in yi miki abin da kika yi mini, shi ya sa nake tambaya kafin in yanke. Na sauke kayana duka. Bakanike ya share mini ɗakin ajiyar batir a bayan gareji, akwai taga, akwai ƙofa mai sakata. Motar tana gefe a rufe, makullin yana hannunsa. In kun shirya sayarwa ke da ɗan'uwanki, hakkinki ne, amma ki faɗa mini da bakinki, kada in gyara wa wani mota da hannuna ina murna.

Baffa

*

Daga Auta zuwa ga Baffa
23 ga Afrilu

Baffa,

Ina gaisuwa. Wallahi ban san mutumin nan ba, ban taɓa jin labarinsa ba sai a bakin Yaya.

Na kira Yaya na tambaye shi kai tsaye. Bai musa ba. Abokinsa ne, dillalin motoci. Ya ce tun watan Janairu ya san ka tashi daga gidan, ya tura shi ne ya gwada ka, in ka sayar ya kama ka, in ka ƙi kuma ya san abin da zai gaya mini. Na ce, "Ka san tsoho yana kwana a mota wata uku, ba ka ce masa ga ɗaki ba?" Ya ce shi ba Baffansa na kusa ba ne. Na kashe wayar.

Ba zan ɗora masa duka ba. Ya faɗa ne, ni kuma na riga na shirya yarda.

Ga takarda ta biyu daga ofishin lasisi, da sunanka a matsayin mai izinin tuƙa motar da riƙe ta. Ba mai sayar da ita sai da hannuna, ni kuma ba zan sa ba. Ɗakin Bakanike ya fi maka, ka zauna abinka, amma sana'arka tana bukatar ƙafa. Ka ɗaura su, Baffa.

Auta

*

Daga Baffa zuwa ga Auta
5 ga Mayu

Auta 'yata,

Salamu alaikum. Ina lafiya, gwiwa ma ta gode wa katifa.

An ɗaura. Notin ƙasa na hagu ya yi tsatsa, sai da aka sa masa wuta. Bakanike ya ƙara ganyen, na yi wa duwatsun akwati na ɗaure shi gaba da taya. Ƙofar kabad na kai wa kafinta, ya ce tabon zai nuna. Na ce ya bar shi ya nuna. Tafiyar ta ɗan yi tauri a kan tsakuwa, amma motar ta daina kaɗa kai.

Ranar Talata na koma kasuwar nan. Bakanike ya ce in bari sai an manta, na ce in na bari ni ne ba zan iya komawa ba. Na tsaya daidai inda aka kama ni, na manna takardar izinin a gilashi ta ciki, na shimfiɗa kayana na zauna. Har azahar ba wanda ya zo. Suna wucewa suna satar kallon gilashin, wani mai nama ma ya tsaya ya karanta da yatsa, layi-layi, ya tafi abinsa. Na fara tunanin tattarawa.

Sai ga mai albasar nan ta ratso mutane, da sikelinta a cikin buhu, gunduwa-gunduwa yadda na bar shi. Wata guda ba ta kai wa kowa ba, da na maƙwabciyarta take awo. Ta zazzage shi a gabana, ta durƙusa daidai fuskata don in ga bakinta, ta ce, "Baba, ka bar mini aiki a rabi."

Na ce sifirin ɗin ya faɗa kwata. Ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini shi, a wanke.

Na gama mata kafin la'asar, mutum huɗu suna jira a bayanta.

Naki,
Baffa